Katakon Ɗakin Inna

Shekarar da ruwa ya ci gari, ni na goyo Inna daga gidanmu na unguwar Fezzan. Ruwan ya kawo mini cinya a tsakar gida. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kai ta gidana a Bolori, matata ta share mata ɗaki, aka shimfiɗa mata katifa. Mutane suna ta zuwa jaje ina amsawa, amma in faɗi gaskiya, ban ji komai ba a lokacin. Ba tsoro, ba baƙin ciki. Abin da aka ce in yi, shi nake yi.

Inna mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Iyayenmu makiyaya ne da suka shigo gari suka koma fataucin dabbobi. Sun bar ruga, amma ba su bar kunya ba. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zaman hira da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son abu a wurina, sai ta juya wajen ƙanwata ta ce ki gaya wa wancan kaza, ga ni kuwa a tsaye a gabanta. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka na tashi na gani.

Tun bayan rasuwar Baba mantuwa ta fara kama ta. Ta ajiye carbi ta yi ta nema yana wuyanta, ta yi sallar azahar ta tashi ta sake. A ɗakinta dai abin da sauƙi, don hannunta ya san inda komai yake. Da ta zo Bolori sai abin ya kwance gaba ɗaya. Ta daina gane matata. Jikokinta ta ce 'ya'yan maƙwabta ne, a kore su, sun cika surutu. Ni kaɗai da ƙanwata take ganewa, ni ma yadda nake sanin ta gane ni shi ne in na shigo sai ta kawar da kai.

Kullum da la'asar sai ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce a gaya wa wancan ya kai ta gida. A ce mata ana gyara, ta ce to. Gobe ta sake ɗaurewa. Wata rana aka yi sakaci da ƙofar, ta fice. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta tsince ta kusa da Kasuwar Litinin, ba takalmi, da ƙunshinta a ka, tana tambayar 'yan tasi hanyar gidan mijinta. Daga ranar muka fara kulle ƙofa, ita kuma daga ranar ta fara ƙin abinci. A kawo tuwo ta dube shi ta ce ita ba ta ci a gidan mutane, sai ta koma gida. Kunu kaɗan ƙanwata ke samu ta ɗura mata da lallashi. Muna kallo tana ramewa.

Na sa aka gaggauta gyaran. Sauran ɗakunan gidan na ƙasa ne, sun zube, amma ɗakin Inna na jan bulo ne, yana nan tsaye. Magina suka kankare laka, suka sake yaɓen siminti, aka shafa farar ƙasa. Muka ɗauko ta a tasi. Ta sauka da ƙunshinta, ta bi zaure, ta zo bakin ɗakin, ta miƙa hannu ta shafa gefen ƙofar. Siminti ta ji. Ta sunkuya ta duba gindin bango. Sai ta juya wajen ƙanwata.

"Ki gaya wa wancan ba nan ba ne."

Muka koma Bolori a tasin da ta kawo mu.

Na san abin da hannunta ya nema. Kafin a kawo Inna gidan tana amarya, Baba ya kai shanu kudu, ya shiga wani gida a can, ya ga an zagaye gindin bango da katako, an kuma zagaye bakin ƙofa da taga da irinsa. Mutumin da bai kwana a ɗaki mai bango ba sai da ya girma, abin ya shiga ransa. Ya dawo da katakon a mota, ya nemo kafinta, aka kafa a ɗakin amaryarsa. 'Yan unguwa suka daɗe suna yi masa tsiya, wai Bafulatani ya sa wa bango takalmi. Katakon maɗaci ne mai faɗin tafin hannu, da kwari biyu a samansa da ɗan tudu a tsakaninsu, daidai yadda yatsa zai bi. Inna ba ta shiga ɗakin ko ta fita ba tare da ta sa yatsa a kwarin nan ba. Tun ina yaro nake gani.

Ruwa ya ruɓar da na ƙasa, ya kumbura na ƙofa har rabi. Magina kuwa ba su tsaya bambance mai kyau da maras kyau ba, suka ɓamɓare duka suka tara a tsakar gida. A lokacin itacen girki ya yi wuya, unguwa cike take da mutanen da gidajensu suka rushe. Kafin in farga, mata sun ɗebe sun hura wuta. Ƙanwata ta ce ranar duk layin ya gauraye da ƙamshin turare, har wata ta leƙo tana tambaya ko biki ake. Guntu ɗaya ƙanwata ta iya zarowa daga murhu, tsawon kamu ɗaya, gefensa ya ƙone. Ban yi faɗa da kowa ba. Da wa zan yi? Na karɓi guntun na sa a aljihun babbar riga.

Mijin ƙanwata ya ce me zai hana a ja layi da baƙin fenti a gindin bangon, ai tsohuwa ba za ta gane ba. Na ce masa tsohuwar ta manta sunansa, amma ba ta manta bangonta ba, shi ma ya bari a zana masa ƙofa da fenti ya shiga mu gani. Ina da saurin baki, na sani, kuma a kwanakin nan ba na ma jin ina faɗin magana sai na ga fuskar wanda na gaya wa.

Ina koyarwa a lokacin. In an tashi daga makaranta sai in hau babur in nufi rumfunan 'yan katako na hanyar Baga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa in miƙa masa guntun, ya jujjuya, ya shinshina, ya miƙo mini. Wani ɗan kudu mai rumfa babba ya ce shi tun da ya zo garin nan bai ga wannan zanen ba, injinansu kwari ɗaya suke fitarwa, shi ake yayi. Ya ɗauko mini farin katako mai laushi, wanda in ka danna da farce sai ya lotsa, ya ce wai in an shafa masa kala ba mai bambancewa. Na ce gara ma za ta bambance, don kafin damina ta zagayo ta gama da shi. Ya yi dariya ya ce malam kana da zafi. Wani kuma ya ce in je Jos, wani ya ce Kano. Mai rumfar ƙarshe, wani dattijo Babarbare, ya tambaye ni don me nake wahalar da kaina a kan abin da ba mai ɗaga ido ya kalla. Na buɗe baki zan ba shi labari, sai na ji ba ni da ƙarfin farawa. Na ce masa haka kawai.

Na samu maɗaci a ƙarshe, amma sumul, ba zane. Na kai wa wani kafinta a unguwarmu ya ce wannan ai wasa ne, zai fiƙe da hannu. Da na koma karɓa, kwarin ya fara daga nan ya karkace ya ɓulle can, wani wuri zurfi wani wuri ba komai, kamar akuya ce ta ci. Ya tsaya yana rantse-rantse wai hasken wurin ne ya sa nake ganin haka. Na bar masa katakon na tafi.

Duk yamma in dawo gida in tarar da Inna a bakin ƙofa da ƙunshinta, ta kawar da kai, in wuce ciki. Wuyanta ya zama siriri, awarwaronta yana zamowa har gwiwar hannu. Matata takan yi kuka a madafi. Ni in zauna in ci abincina tas, in wanke hannu. Har mamakin kaina nake yi. Nakan ce a raina, kai wane irin mutum ne, uwarka na mutuwa da yunwa a ƙofar ɗakinka kana suɗe kwano? Ko wannan tambayar ba ta motsa ni. Abu ɗaya na sani, gobe zan sake hawa babur.

Inda ban nema ba a nan na samu. Na tsaya sayen burodi a wani gidan burodi, na zagaya baya inda tanderun yake don na gaba ya ƙare. Ga tarin itace an jibge, a ciki har da tsofaffin ƙofofi da tagogi da dogayen katakai masu koren fenti. Mai hura wutar ya ce daga tsofaffin gidajen ma'aikata da ake rushewa ake kawo musu, sun fi itacen daji ci. Na jawo ɗaya na sa yatsa. Fenti ya cike shi, amma kwari biyu ne, da tudu a tsakani. Na fito da guntuna na kara. Suka zauna daidai.

Na zaci in ranar ta zo zan ji wani abu. Abin da na ji kawai shi ne zafin tanderu a fuskata. Na nemi mai gidan burodin muka daidaita, na kawo masa itacen daji a madadinsu, na tsince dogayen da ba su tsage ba, aka ɗora a amalanke zuwa Fezzan.

Na samo wani kafintan, ba na farko ba. Ya ce fentin nan hawa-hawa ne, kowane ma'aikaci da ya zauna a gidan ya shafa nasa. Da fasasshen gilashi ya riƙa kankarewa, kore ya fita, shuɗi ya bayyana, shi ma ya fita, sai fari. Can ƙasa sai ga maɗacin, ja wur, kamar yau aka yanko shi. Na kara guntuna. Nawa baƙi ne ƙirin, yana sheƙi. Zane ɗaya, icce ɗaya, amma ko makaho ya san ba ɗaya ba ne. Kafinta ya gwada kala iri-iri a kan ɓaraguzai, duk ba wanda ya yi kusa, ga warin da ke hawa kai.

Ƙanwata ce ta zo ta tsaya a kanmu, ta riƙe ƙugu, ta ce ku maza wallahi sai a hankali. Ta ce wa ya gaya muku fenti ne? Tun ranar da aka kawo Inna ɗakin nan ba a taɓa yin magariba ba ta sa garwashi a kasko ta zuba turaren wuta ba, ta rufe ƙofa da taga. In ban da watannin takaba, ba ta taɓa fashi ba. Hayaƙin shekara da shekaru ne ya mai da katakon haka, shi ya sa da aka ƙona shi unguwa ta ɗauka.

Na ce to sai mu jira shekara arba'in ke nan. Ta ce a'a, ai akwai yadda ake yi wa amare.

A garin nan in za a kai yarinya ɗakin miji, akan haƙa ɗan rami a zuba garwashi da itacen ƙamshi, a zaunar da ita a kai a lulluɓe ta da bargo, kullum, har fatarta ta yi ja, ƙamshin ya kama jikinta. Haka ake yi wa zannuwanta ma. Shi ƙanwata ta ce za a yi wa katako. Na ce ke dai ba ki da hankali. Ta ce ni mai hankalin me na kawo ban da burodi?

Ta tara ƙawayenta biyu masu sana'ar gyaran amare. Aka haƙa dogon rami a inda ɗakin Baba yake da, aka jera katakan a kai, aka rufe da tsofaffin barguna da tabarmi. Suka kawo kayan turare, hawi da gabgab da sandal, suka haɗa irin haɗin da Inna take yi, don ƙanwata a hannunta ta koya. Safe da yamma ana sa wuta, ana juya katakan. Matan unguwa suka samu abin yi. Wannan ta leƙo ta ce ina angon, waccan ta ce a dai tabbatar amaryar ba ta da taurin kai. In na shigo sai su kwashe da guɗa. Ina tsaye ina kallonsu suna dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina jira a gama.

Katakon bai yi baƙi ba. Ja ɗin ya ɗan nuna, ya yi duhu kaɗan, ya ɗauki sheƙi, shi ke nan. Amma ƙamshi kam ya kama shi har ciki. Na ce wa ƙanwata bai yi kama da tsohon ba. Ta ce Inna ta daina karɓar ko kunun, ba mu da sauran lokacin neman kama. Aka kafa. Kafinta ya haɗa kusurwoyin da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ƙanwata ta wanke kwanukan jeren Inna da suka sha laka, ta goge su da toka har suna ɗaukar ido, ta jera a inda suke. Aka mai da gadon ƙarfenta, aka shimfiɗa sabon zanen gado. Ta sa kasko ta rufe ɗakin.

Da hantsi muka kawo ta. Wannan karon sai da muka riƙe ta ta sauko daga tasi, amma ba ta yarda an karɓi ƙunshin ba. A bakin ɗakin ta tsaya. Ta miƙa hannu, yatsanta ya faɗa cikin kwarin, ta bi shi sama iya inda hannunta ya kai, ta dawo da shi ƙasa. Ƙanwata ta tura ƙofar, ƙamshi ya fito. Inna ta daɗe a tsaye. Sannan ta tuɓe takalmi ta shiga da ƙafar dama, ta ajiye ƙunshin, ta zauna a bakin gado. Ta dubi kwanukan, ta dubi jan katakon da ya zagaye ɗakin yana sheƙi. Ta jawo gyalenta ta gyara shi a ka, ta haɗa ƙafafu, ta ɗora hannu a cinya. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan zaman ba.

Ina tsaye a bakin ƙofa, guntun yana hannuna, rigata duk garin katako. Ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta kawar da kai ba. Ido cikin ido ta dube ni, har da ɗan murmushi.

"Kai ne kafintan?"

Ƙanwata ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Na ce, "Ni ne."

"Aikinka ya yi kyau. Da suna ta yi wa maigidan dariya." Ta sake shafa katakon da ke kusa da gadon. "Yaya sunanka?"

Na gaya mata.

Ta maimaita. Ta faɗe shi sarai, yadda ake faɗinsa a ruga, da ɗan ja a ƙarshe. Ta ce suna mai kyau. Ta ce kada in tafi, maigidan ya je kasuwar shanu, yanzu zai dawo ya gan ni. Sannan ta juya wajen ƙanwata ta ce a kawo wa baƙo abinci, ita ma a zubo mata, yunwa take ji.

Mun so mu mai da ita ɗakinta, mun kuwa mai da ita. Sai dai ɗakin da muka gyara ba wanda ta bari ranar ruwa ba ne, wanda aka kawo ta ne tana amarya, da sabon katako da sababbin kwanuka. A ɗakin nan ba a haife ni ba tukuna.

Ta ci tuwo ranar, ta cinye. Ba ta ƙara ɗaure ƙunshi ba. Ƙanwata ta dawo gidan da zama don ta kula da ita. Sau ɗaya ta gwada ce mata wannan fa ɗanki ne, Inna ta rufe baki tana dariya, ta ce ke ba ki da kunya, yaushe ma aka kawo ni.

Na fita zaure na zauna. A nan ne abin da ban ji ba tun ranar ruwa ya zo mini gaba ɗaya, na yi kuka kamar yaro, har mai wucewa ya tsaya ya yi mini gaisuwar mutuwa. Har yau ban san ko daɗi na ji ko ciwo ba. Na wuce arba'in kafin uwata ta kira sunana, kuma ranar da ta kira, ranar ce ta daina sanina.

Matar aure ba ta barin baƙon namiji ya shigar mata ɗaki haka kawai, don haka in na zo hannu rabbana sai ta ce a gaya mini maigidan ba ya nan. Sai na sayi 'yar guduma. Duk ranar da zan je Fezzan in sa ta a aljihu tare da guntun. In yi sallama in ce na zo duba aiki, ta ce bismillah. In durƙusa a gindin bango in yi ta bubbuga ƙusar da ba abin da ya same ta, tana zaune a bakin gado tana ba ni labarin rugarsu da shanun babanta, labaran da ban taɓa ji ba. In ta ga na yi gumi sai ta kira sunana ta ce in bari haka, in zo in sha ruwa. Haka muka yi har ta rasu.